Rumfunan jirage a bakin ruwan Sidni: haƙƙin nan bai kai ƙarfin da kuka ba shi ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da kai da duk ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne ta intanet daga nan Sidni a ƙasar Ostireliya, kafinta ne ni, kuma kusan duk aikina a bakin ruwa yake, gyaran gadojin katako da ake ɗaure jirgi a jikinsu, canza turakun da suka ruɓe, da kuma rumfunan nan da mutane ke ajiye ƙananan jirage da kwalekwale a ciki. Abinda yasa na zauna na rubuto maka shine ɗan rahoton nan da kuka saka kwanakin baya mai hotunan rumfunan, inda aka ce wai duk wanda ya gaji irin wannan rumfa shikenan ya haye, ko doka ta canza ba mai taɓa shi har abada tunda rumfar ta riga dokar zuwa. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, dan a satin ma ina tare da wani dattijo da wannan maganar ce take hana shi barci. Akwai ƙamshin gaskiya a abinda kuka rubuta, ban ce babu ba, amma haƙƙin nan siriri ne kamar zare, kuma a hannun wanda ya fi cancanta da shi ne ya fi saurin tsinkewa.

Ga yadda abin yake a jiharmu ta New South Wales. Akwai babbar dokar tsara ƙasa da gine-gine ta 1979 wadda ta fara aiki a 1980, a cikinta ne aka yi maganar abinda zan kira haƙƙin tsohon amfani. Yanzu sashe na 4.65 ne, da can kafin a sake wa sassan lamba a 2018 sashe na 106 ne, har gobe in ka zauna da tsoffin lauyoyi 106 ɗin za ka ji suna faɗa. Ma'anarsa a taƙaice, in kana amfani da gini ko fili ta hanyar da doka ta yarda, sai wata sabuwar ƙa'idar tsara gari ta fito ta haramta irin wannan amfanin a wurin, to kai ba za a ce ka tattara ka tashi ba, za ka ci gaba da abinda aka tarar kana yi. Har nan rahotonku daidai ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, dan sashen da ke biye masa, 4.66, shi ya ɗaure haƙƙin tamau. Ba ka da ikon faɗaɗa ginin, ba ka da ikon canza masa fasali ko rushe shi ka sake ginawa, ba ka da ikon ƙara yawan harkar da kake yi a ciki, sai ka nemi izini an ba ka. Sannan ga wadda ta fi kowacce cizo, in ka daina amfani da wurin wata 12 a jere, doka za ta ɗauka ka yi watsi da shi ne, sai dai in kai ka kawo hujjar da ta nuna ba haka bane. Kai ne za ka kawo hujja fa, ba hukuma ba.

To dattijon da nake faɗa maka, ni Baba nake ce masa kuma ya saba har yana amsawa, gidansa na kudancin Sidni a wani lungu na ruwa da ba hayaniya. Mahaifinsa ne ya kafa rumfar da hannunsa, ƙarama ce, jirgi ɗaya ke shiga sai ɗan wurin rataye igiya da filafilai, da gangaren katako da ake tura jirgin ya sauka ruwa. In ka shiga ciki warin tsohon fenti da man inji da gishiri ne zai tarbe ka, a jikin ginshiƙin ƙofa akwai zane-zanen wuƙa inda ake auna tsawon yaran gidan shekara bayan shekara, nasa yana nan, na 'ya'yansa yana nan, na jikoki ma an fara. Shekaru nake masa gyara. Na canza masa turaku biyu da tsutsar ruwa mai cin katako ta rarake, irin wanda daga waje za ka ga icce lafiya lau amma in ka buga guduma sai ka ji ƙwal kamar ganga, ciki duk ramuka ne kamar saƙar zuma.

Matarsa ta kwanta ciwo, doguwar jinya, shi kuma ƙugunsa ya matsa masa har aka yi masa aiki. Tura jirgi a gangare ba aikin mai sanda bane, sai ya ba wani ɗan'uwansu jirgin ya tafi da shi, da niyyar in ya samu sauƙi a dawo masa da abinsa ko ya sayi ƙarami mara nauyi. Ana cikin haka matar ta rasu, Allah sarki. Bayan nan ne wata iska mai ƙarfi daga teku, irin wadda takan taso mana nan gabar gabas da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta yaye rufin ta karya bango ɗaya. Da na je na duba na ce masa Baba wannan ya wuce faci, sai an sake ɗaga rabin rumfar, kuma ba zan sa hannu ba sai da takardar izini, dan ni ma lasisin aikina zan jefa cikin haɗari. Ya cike takardu ya kai ƙaramar hukumarsu, ba zan kama sunanta ba. Amsar da ta dawo tambaya biyu ce. Na ɗaya, ka nuna mana cewa tun farko da izinin doka aka kafa rumfar nan ko kuma a lokacin ba a buƙatar izini. Na biyu, ka nuna mana cewa ba a daina ajiye jirgi a cikinta wata 12 a jere ba. Da muka ƙirga, wata 14 rumfar ta yi ba jirgi.

Malam Edita ka ga mutumin da ya haura tamanin, bai daɗe da binne matarsa ba, zaune a ƙasan falo da gwangwanin biskit cike da tsoffin hotuna da rasit yana neman shaidar abinda babansa ya yi tun shi yana ɗan yaro. Ni da 'yarsa muka taya shi. Abinda ya fara taimakonmu hoton sama ne da aka ɗauki Sidni daga jirgin sama a 1943, gwamnatin jiha ta saka shi a taswirarta ta intanet kowa na iya dubawa, muka yi ta zuƙowa har muka ga wani ɗan ɗigo mai kusurwa huɗu a bakin ruwa daidai inda rumfar take, Baba ya ɗora yatsa a kan sikirin ya daɗe bai ɗauke ba. Amfanin wannan hoton shine ya nuna rumfar ta riga babban tsarin gari na yankin Cumberland, wato yankin da Sidni ke ciki, da ya fara aiki a 1951, wanda a irin wannan rigimar sau da yawa daga shi ake fara lissafi. Amma hoto daga sama rufi kawai yake nunawa, baya nuna abinda ke ciki, kuma baya nuna girman ginin daidai yadda safiyo zai yarda. Sai muka koma tattara rasit na rajistar jirgi, da na kuɗin hayar da yake biya duk shekara, da takardar asibiti, da takardun rantsuwa daga maƙwabta biyu da suka san shi da jirgi tun suna samari, da wasiƙar ɗan'uwan da ya karɓi jirgin yana cewa aro ne ba kyauta ba. Dan doka bata ce wata 12 na cika haƙƙi ya mutu kai tsaye ba, zato ne take yi, kuma ana iya karya zaton in aka nuna mutum bai yi niyyar barin abin ba. Sai dai karya shi ɗin lauya yake ci, da masanin tsara gari, da safiyo, kowanne da kuɗinsa, in hukuma ta ƙi kuma sai Kotun Ƙasa da Muhalli, wadda aka kafa tare da dokar, can ma wani kuɗin ne. Mai fansho ina zai kai?

Na ambaci kuɗin haya, wannan ma wani abu ne da rahotonku ya tsallake. Yawancin rumfunan nan ba a kan filin mai gidan suke ba gaba ɗaya. Iyakar filin mutum a bakin teku yawanci tana tsayawa ne a layin da ruwa ke kaiwa in ya ciko a matsakaici, daga nan zuwa cikin ruwa ƙasar gwamnati ce. A mafi yawan wurare hukumar filayen gwamnati ce ke ba da lasisi ƙarƙashin dokar filayen gwamnati ta 2016, a cikin tashar ruwan Sidni kanta kuma da ruwan Botany Bay da ke kudu da ita hukumar sufuri ta jiha ce mai ƙasan ruwan. Kenan mutum biyu kake roƙo, mai ƙasa ya sa hannu tukuna kafin ma ƙaramar hukuma ta karɓi takardarka. Lasisin nan kuma ba mallaka bane, izinin zama ne da sharuɗɗa, kana biya duk shekara, kuma in ka sayar da gidan sai sabon mai gida ya bi ta hukuma ya daidaita nasa. Za ka iya samun haƙƙin tsohon amfani a wajen dokar tsara gari amma lasisinka ya samu matsala, ko lasisi lafiya lau amma haƙƙin ya faɗi. Na ga mutane sun sayi gida da tsada saboda rumfa, sun karɓi takardar nan ta sashe na 10.7 da ake haɗawa da kwantiragin sayarwa suna zaton ta wanke komai, alhali ita tana faɗa maka ƙa'idojin da suka hau filin ne kawai, bata ce maka rumfar nan halattacciya ce ba.

Kuma daɗewa kaɗai bata halatta komai a jihar nan. In tun farko an kafa rumfa ba izini a lokacin da ake buƙatar izini, ko ta shekara 50 a tsaye bata da wannan haƙƙin. A maƙwabciyarmu jihar Victoria abin da ɗan sauƙi, can in ka iya nuna shekara 15 kana amfani da wuri ba yankewa ana iya amincewa da haƙƙinka, kuma sai ka daina na shekara 2 kafin ya faɗi. Ƙasa ɗaya ce amma ka ga bambanci.

Yanzu bari in faɗi abinda ya fi ci mini rai. In ka hau jirgi ka zaga ruwayen kewayen Sidni irin su Pittwater ko Port Hacking ko kogin Georges, za ka ga wasu rumfunan da sunan kawai ya rage. Ƙofar gilashi daga sama har ƙasa, kicin da firji, banɗaki, gado, na'urar sanyaya ɗaki, an shimfiɗa tayil a inda da gangaren jirgi yake, sannan an rataye wani ɗan kwalekwalen roba a bango wanda ko jiƙa shi ba a taɓa yi ba dan in ma'aikaci ya leƙo a ce ga jirgi nan. An sha kirana irin wannan aikin, a ce in rufe gangare in ɗaga daɓe amma daga waje in bar shi kamar yadda yake, ina ƙi, wani ya karɓa. Alhali ma'anar rumfar jirgi a rubuce take a cikin tsarin bai ɗaya da ƙananan hukumomin jihar ke bi tun 2006, gini ne na ajiye jirgi da yi masa gyaran yau da kullum, haɗe da gidan zama ko wata ƙungiya da ba ta neman riba, har da gangarensa. Ba ɗakin kwana a ciki, ba ɗakin saukar baƙi na haya. Kuma kotuna sun daɗe da yanke cewa haƙƙin yana bin ainihin abinda ake yi ne. Akwai shari'ar da Babbar Kotun Ostireliya ta yanke a 1964, ta hukumar Perth da O'Keefe, wurin ginin tukwane ne da unguwar ta koma ta gidajen zama, kotu ta ce ginin tukwane aka tarar ana yi dan haka shi za a ci gaba da yi, ba wai kowace irin ƙaramar masana'anta aka ga dama ba. To haka rumfa, ajiyar jirgi aka tarar, ajiyar jirgi ce ke da kariya. A 2006 ma gwamnatin jiha ta ƙara matse ƙa'idar dan a daina fakewa da tsohon amfani ana tsallakawa zuwa wani haramtaccen amfanin daban.

Doka a fili take kenan, amma wa take kamawa? Mai kuɗin nan bai taɓa kai kansa hukuma ba, aikinsa a ɓoye aka yi daga ciki, in ma an taso shi yana da lauyoyin da za su ja maganar shekaru. Baba kuwa da ƙafarsa ya je neman izini saboda yana tsoron karya doka, shine aka ɗora wa binciken tarihin shekara 80. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma masu mayar da rumfa gida su suka ja wa kowa, wake ɗaya shi ke ɓata gari, yanzu ma'aikacin hukuma da ya ga takardar sake gina rumfa zuciyarsa na gaya masa wani falon ne za a yi a kan ruwa, sai ya tsaurara wa kowa.

Kar a fahimce ni baibai, ni bana cikin masu cewa a bar kowa ya gina abinda ya ga dama a bakin ruwa. Ni da nake shiga ruwan nan har ƙirji na san abinda gini ke yi masa. Akwai wata ciyawar ƙarƙashin ruwa mai faɗin ganye da ake kira Posidonia, cikinta ƙananan kifaye ke girma, tun 2010 aka saka ta cikin masu fuskantar ɓacewa a wurare 6 na jihar nan, ciki har da tashar Sidni da Pittwater da Port Hacking da Botany Bay. Inuwar gada ko rumfa kaɗai ta isa ta kashe ta, in ka duba ƙarƙashin tsohuwar gada za ka ga yashi fari fat daidai faɗin katakon, ciyawa ta tsaya a gefe da gefe kamar an ja mata layi, kuma in ta mutu dawowarta sai a hankali ƙwarai. Ga maganar hanya, bakin ruwa na jama'a ne, in kowane gida ya tura rumfa da gada har cikin ruwa to mai kamun kifi da ƙafa da mai yawo da yara ina za su bi. Ga kuma ruwan kansa da ke hawa, a tsibirin Fort Denison da ke cikin tashar ruwan Sidni ana auna shi tun 1886 kuma awon ya nuna yana ƙaruwa, mu ma muna gani a aiki, akwai rumfunan da yanzu in babbar cikowa ta zo ruwa har kan daɓe yake hawa. Dan haka hana sababbi a wasu wurare da ja layin da ba a gini a gabansa, duk na yarda da su ɗari bisa ɗari. Rigimata a kan tsofaffin ne, ƙananan nan da suke aikin da aka gina su dominsa.

Abinda nake ganin ya kamata ba mai wahala bane. Hukumar da ke karɓar kuɗin haya duk shekara ta san rumfar nan na nan, tana da fayil, sau da yawa har da zane da awo, to me zai hana ita da ƙananan hukumomi su zauna sau ɗaya su yi rajistar duk tsoffin rumfuna, girman kowacce, tsayinta, da abinda aka amince ana yi a ciki, ta yadda ranar da iska ta yaye rufi ba sai an koma gwangwanin biskit ba. Wanda zai maida rumfarsa yadda take, tsawo ɗaya faɗi ɗaya a kan turaku ɗaya, a ba shi gajeriyar hanya. Wanda kuma zai ƙara ko taku ɗaya ko ya saka bututun banɗaki, ya bi doguwar hanya a auna shi da tambayoyin da kotu ta shimfiɗa tun 2005 a shari'ar Fodor, girman ginin in an kwatanta da abinda aka yarda a gina a kewaye da kuma abinda zai jawo wa maƙwabta. Rajistar nan ita ce ma za ta tona masu falo a kan ruwa, dan an rubuta gangare an zo an tarar da tayil.

Sai maganar wata 12. Lokacin korona majalisar jiha da kanta ta ga wata 12 ya yi kaɗan, daga 25 ga Maris 2020 zuwa 25 ga Maris 2022 aka maida shi shekara 3 saboda shaguna da wuraren sana'a da dole ta sa suka rufe kar su rasa haƙƙinsu. An yi daidai. To in an gane cewa rufewar dole daban take da watsi, jinyar mata da aikin ƙugu su ma ai dole ce. A rubuta shi ƙarara cewa ciwo, ko rasuwa da jiran rabon gado, ko jiran kuɗin inshora bayan ɓarnar iska, basa shiga lissafin watannin nan in akwai takarda, kar a bar shi sai wanda ke da kuɗin lauya ne zai iya tabbatarwa. Rabon gado kaɗai yakan ci fiye da shekara, magada suna can suna fama da takardu basu ma san agogo na tafiya a kan rumfa ba.

Maganar Baba dai har yanzu tana gaban hukuma, basu ƙi ba basu amince ba, sun nemi ƙarin awo. Mun ja tamfol a kan ɓangaren da ya buɗe, na ɗaure shi da igiya ta yadda iska ba za ta ɗauke ba, duk bayan sati biyu ina leƙawa in ƙara ja. Ɗan'uwan ya dawo da jirgin, jikan Baba ne yake tura shi ruwa ranar Asabar shi kuma yana zaune a kujera a bakin ƙofa yana ba shi umarni, 'yarsa tana ɗaukar hoto da kwanan wata tana ajiyewa a waya saboda lauya ya ce a dinga yi. Sati mai zuwa safiyo zai zo da sassafe lokacin da ruwa ya janye sosai dan ya auna guntayen turakun asali da suke fitowa daga cikin laka, ni zan riƙe masa tef tunda na san inda kowanne yake.

Ina roƙonka Malam Edita dan Allah ku buga wannan a matsayin gyara ga wancan rahoton, in kuma wanda ya rubuta shi yana son hotunan turakun da gangaren zan turo masa bayan an gama awon, Baba ya ce ba damuwa in dai ba a nuna gidan ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani kafinta mai karanta ku daga Sidni